James Joule, Mutumin da Ya Auna Zafi

An haifi James Joule a Salford ta Ingila a 1818. Bai shiga jami'a ba, amma ya ɗauki darasi wurin John Dalton. A gwajinsa, ya rataya nauyi da igiya. Yayin da nauyin ke sauka yana juya filafilai cikin ruwa, sai ruwan ya ɗumama. Da farko masana sun yi biris da shi, bai karaya ba. A 1850 ya nuna cewa laba 772 da ta sauko ƙafa ɗaya tana ƙara wa ruwa laba ɗaya zafin digiri ɗaya na Fahrenheit, wato BTU ɗaya. Da irin wannan lissafi injiniyoyi ke mayar da zafin da ke ratsa bangon tukunyar tururi daga BTU a kowace awa zuwa wat. Ya rasu a 1889. Ma'aunin makamashi da muke rubutawa a aji, joule, sunansa ne.