Labarin Malam Abdullahi na Gwandu da Mafarin Karatunsa a Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da mutum da alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai na ƙasar Haɗejiya, wannan taƙaitaccen labari ne na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, domin mu ga inda ilminsa ya tsiro.

An haife shi a shekara ta 1180 daga Hijira, daidai da 1766, ya tashi a Degel cikin ƙasar Gobir. Ubansa Muhammadu, wanda ake wa laƙabi da Fodiyo, wato masani da harshen Fillanci, shi ne ya karantar da shi Alƙur'ani. Al'adar gidajen malamai kuwa ita ce yaro ya fara da babbaƙu a kan allo, sa'an nan farfaru, sa'an nan ya haɗa, ba a wanke masa allo sai karatun ya zauna a bakinsa.

Yayin da ya kai shekara 13, aka danƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da wajen shekara 12. A hannunsa ya karanta Ishiriniya da Witiriya na yabon Manzo, da tauhidi cikin littattafan Sanusi, da fiƙihu cikin Ahalari da Ishmawi da Risala. A fannin nahawu kuwa ya karanta Ajurumiya, da Mulha ta Hariri, da Ƙaɗaru na Ibnu Hisham. Ya kuma ɗauki ilmin sufanci, da tafsiri tun daga Fatiha har ƙarshen Alƙur'ani. Shi da kansa ya lissafa wannan duka cikin Ida'un Nusuhi, littafin da ya ambaci malamansa, ya fara da ubansa da wansa. Bayansu ne ya zauna gaban waɗansu, kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Ku dubi abin da wannan iri ya haifar. Yaron da ya fara da Ajurumiya shi ne ya tsara Baharul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, da Liya'ut Ta'awili a tafsiri. Ya yi hijira tare da Shehu zuwa Gudu a 1804, ya tsaya a yaƙin Tabkin Kwatto, ya zama wazirinsa. Kafin a ci Alƙalawa a 1808, ya ga son duniya ya shiga zukatan waɗansu daga jama'a, sai ya juya ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano mutanenta suka tsayar da shi, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kana ya koma. Daga baya aka ba shi riƙon yammacin ƙasa, ya zauna Gwandu yana karantarwa, har Allah Ya karɓi ransa a 1245, daidai da 1829.

To, ka sani ya kai muridi, Malam Abdullahi Baƙadire ne mai wuridi, amma wuridinsa bisa ilmi ya tsaya. Wasali ɗaya idan ya kauce yakan mai da mai aiki ya zama wanda aka yi wa aikin, ma'anar aya ko addu'a ta juye, nahawu kuwa shi ke tsare harshe daga wannan. Kada ka raya dare da zikiri alhali ɗanka bai gyara Fatiha ba, domin amana ne a wuyanka, za a tambaye ka.

Ka ware masa lokaci bayan Asuba ko tsakanin Magariba da Lisha, kaɗan kaɗan kullum, da rarrashi, ban da tsawa. Kun fi kowa sanin halin kogin nan namu: ruwan da ya malala a hankali ya kwanta cikin fadama shi ke raya shinkafa, wanda ya zo da gaggawa kuwa tafiya yake da shuka. Idan kaka ta yi kuka tafi gona ko su, kada allo ya kwana cikin ƙura. Wanda ba shi da ilmin, ya sa wan yaro ko kawunsa, ya zauna kusa yana saurare. Diya mace ma haka hakkinta yake.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da ubansa da wansa, Ya amfane mu da albarkarsu, Ya buɗe ƙirazan 'ya'yanmu. Amin. Tamat bi hamdillahi.