Al-Kashnawi: Bakatsinen da ya ƙware a lambar da ba ta canzawa

Idan kana koyon rubuta manhaja, ko a Yelwa kake ko Ngaski, ka ci karo da kalmar const a JavaScript. Da ita ake sa wa lamba suna, a kulle ta, duk inda shirin ya bi tana nan yadda take. To, kusan shekara 300 da suka wuce, wani malami ɗan Katsina ya yi zurfi a lissafin da ke tsaye kan irin wannan lamba.

Sunansa Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa da yankin Borno, sannan ya tafi aikin Hajji, daga can ya zarce Misira ya zauna a Alƙahira. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimin lambobi, irin wanda muke gani a allo da layu.

Gwada wannan: zana gidaje tara, uku-uku, ka zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Juya lambobin yadda ka ga dama, in dai hatimin ya yi daidai, 15 ce. Dalili? Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layi uku, kowanne ya ɗauki 15. A hatimi mai biyar-biyar 65 ce, mai bakwai-bakwai 175. Girman hatimin kawai ke yanke lambar, tun kafin ka sa alƙalami.

Malamin ya fi mai da hankali kan hatimai masu layukan mara, kamar 3, 5 da 7, ya tsara matakan cike su: ka sa lamba nan, ka matsa kaza, in ka fita ta gefe ka shigo ta ɗaya gefen. A ganina wannan shirin kwamfuta ne sak, na'urar ce kawai babu. Mai rubuta shi yau zai ajiye girman hatimin sau ɗaya a sama, ya ba shi suna, maimakon ya warwatsa 5 ko'ina ya manta me take nufi.

A Alƙahira gidan Hasan al-Jabarti ya sauka, mahaifin shahararren masanin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti. A gidan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa.