IMAMU AHMAD BAYAN FITOWARSA DAGA KURKUKU

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sha jin yadda aka kama Imamu Ahmad bin Hambal, Allah Ya ji ƙansa, a shekara ta 218 bayan Hijira, ba don ya yi laifin komai ba, sai don ya ƙi yarda cewa Alƙur'ani halitta ne. Ka ji labarin sarƙa da bulala a gaban Halifa Mu'utasim. To, bayan an sake shi fa?

Sai da ya yi kamar wata 28 a tsare, sa'an nan aka mai da shi gidansa a Bagadaza, jiki duk rauni. Mai magani ya zo ya yanke mataccen nama daga gadon bayansa. Da ya samu sauƙi ya koma karantar da hadisi, ya kuma yafe wa waɗanda suka dake shi, har shi Mu'utasim ɗin.

Kada ka zaci shi ke nan. A zamanin Halifa Wasiƙ, wanda ya hau a 227, aka hana shi tara ɗalibai. Malam ya shige gida, ko masallaci ba ya fita, har Wasiƙ ya rasu a 232. Wannan ma ai kurkuku ne, dogari ne kawai babu a bakin ƙofa.

Jarrabawar da ta fi damunsa kuwa, wallahi, ba bulala ba ce. Da Mutawakkil ya hau ya kashe fitinar, sai duniya ta zo da gudu. Aka aiko masa da dirhami 10,000, ya rabar wa mabukata, ko ɗaya bai taɓa ba. Aka kira shi Samarra, inda fadar take, ana ta jera masa akusa, shi ko yana ta azumi, yana buɗe baki da ɗan gari, har ya rame. Ka ga mutumin da bai ji tsoron takobin sarki ba, yau ga shi yana tsoron tuwon sarki!

Har cikin gida abin ya bi shi. Da iyalinsa suka karɓi kuɗin fada, sai ya daina cin abincinsu, ya toshe ƙofar da ke tsakaninsa da ɗansa Salihu. Ya tsaya ga ɗan kuɗin hayar da yake samu daga abin da ya gada.

Ya rasu ran Juma'a, cikin Rabi'ul Awwal na 241, yana da shekara 77, tabon bulalar nan yana nan a bayansa.