Mamman Shata: Yadda kalangun dandali ya zama amon Arewa

A ranar Juma'a, 18 ga Yunin 1999, Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata Katsina rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka yi masa sutura, a garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Tun daga lokacin an yi rubuce-rubuce masu yawa a kan fasaharsa ta sarrafa harshe. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne kiɗan da ya ɗauki wannan murya, wato ƙungiyar makaɗansa, da yadda amonta ya riƙa sauyawa cikin sama da shekara 50.

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar waƙa a matsayin roƙo, sana'ar da sai wanda ya gada. Shata bai gada ba. Ya fara neman na kansa da tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa, da dare kuma ya tafi dandali inda samari da 'yan mata ke wasan asauwara. A nan muryarsa ta fara fita, a nan kuma ya haɗu da kalangu.

Sai an san matsayin kalangu a lokacin za a gane girman abin da ya yi. Kowane kayan kiɗa a ƙasar Hausa yana da masu shi. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne. Kotso da taushi na makaɗan fada ne irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina. Shi kuwa kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan matan gaɗa, kiɗan kasuwa da bakin dandali. Da wannan gangar talakawa Shata ya shiga zaurukan sarakuna da attajirai.

Daga Musawa ya koma Bakori, wurin Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. Tauraruwarsa ta haska sosai a 1952, a Bikin 'Yan Sarki da aka yi a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga baya ya mayar da Funtuwa gida, ya zauna a can har ƙarshen rayuwarsa.

Tsarin ƙungiyarsa ya bambanta da na makaɗan fada. A fada, jagora da 'yan amshi kan tsara waƙa tun a gida, 'yan amshi su karɓi ɗiya su ƙarasa ta tare da shi. Shata kuwa yakan ba mutanensa amshi guda ɗaya gajere, su riƙe shi suna maimaitawa, shi kuma ya yi ta zubo ɗiyan waƙa nan take, gwargwadon wanda ya gani a fili da abin da ya zo masa. Makaɗan su ne 'yan amshin. Aikinsu mai wuya ne, domin kalangu na da tsarkiya da ake matsewa a hammata don ɗaga amo ko sauke shi, kuma dole mai kiɗa ya bi karin maganar jagoran da bai san abin da zai faɗa gaba ba.

Na'urori ma sun taka rawa wajen sauya wannan amo. Faifan garmaho na farko ba ya ɗaukar fiye da minti 3 zuwa 4 a kowane gefe, saboda haka waƙa takan zo a taƙaice. Buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962 ya kai muryar mawaƙan Hausa har Nijar da Ghana da Kamaru. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970, waƙa ta samu filin da za ta miƙe yadda take a wurin biki. A hotunan bidiyon wasanninsa na baya-bayan nan, ana ganin Shata tsaye da makirufo, jerin makalanga a bayansa suna kiɗa tare, amon ya yi kauri da nauyi. Jigoginsa su ma sun faɗaɗa: Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, waƙoƙin sojoji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da waƙar Kumbo Apollo 11 bayan Amurkawa sun sauka a duniyar wata a 1969.

A daidai waɗannan shekaru, ƙungiyoyin Ingila irin su Led Zeppelin da Black Sabbath suna neman nauyin amo ta hanyar gitar lantarki da manyan lasifikoki, a Legas kuma matasa sun kafa BLO da Ofege a kan salon rok. Shata ya je Ingila da Amurka, ya ga kayan kiɗan zamani, ya dawo bai ajiye kalangu ba. Nauyin nasa amon daga fata da tsarkiya da yawan hannaye ya samo shi.

Zamanin kaset ya kuma zo daidai da wani sauyi a karkarar Kano. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya kawo kuɗin alkama da tumatir da shinkafa. Manomin da ya sayi rediyo mai kaset ya samu Shata a bakin gonarsa ba tare da ya jira biki ba. Direbobin da ke lodin tumatir zuwa Kudu su ma sun ɗauke shi abokin tafiya, shi kuwa dama ya yi wa direbobi waƙoƙi da dama.

Ya taɓa siyasa, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Lokacin da ciwo ya kwantar da shi, har aka kai shi Jidda neman magani, fiyano ya riga ya fara mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, inda mutum ɗaya kan danna maɓalli ya fitar da amon ganguna goma.

A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah, wanda ya taskace tarihin mutumin. Saura amon. Waƙoƙin da ke yawo a wayoyi yau yawancinsu kwafi ne na kwafi, babu shekarar ɗauka, babu sunan wanda ya riƙe kalangu. Tef yana ruɓewa, dattawan da za su saurari waƙa su ce ga hannun wane suna ta ƙarewa. Haƙƙi ne a kan gidajen rediyon Kaduna da Kano da Katsina, da jami'o'inmu, su juye asalin faya-fayan zuwa kwamfuta, su rubuta shekara da wuri da sunayen makaɗan, tun ana samun masu shaida.

Allah Ya jiƙan Shata da makaɗansa da suka riga mu gidan gaskiya.