Isaac Newton: Maraya da ya tsara dokokin motsi

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin kimiyya a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ko a makarantun sakandare na Gwaram, ya haddace dokoki uku na motsi. Sai dai ba kowa ya san cewa saura ƙiris mai dokokin ya ƙare rayuwarsa a gona ba.

An haifi Isaac Newton a ƙauyen Woolsthorpe da ke yankin Lincolnshire a Ingila, ranar 25 ga watan Disamba, 1642, bisa tsohuwar kalandar ƙasar.

Bakwaini ne, kuma mahaifinsa ya rasu watanni uku kafin a haife shi. Yana da shekara uku mahaifiyarsa ta sake aure, ta bar shi a hannun kakarsa.

Tsakanin gona da makaranta

Yana da kimanin shekara 12 aka sa shi makaranta a garin Grantham. A 1659 mahaifiyarsa ta cire shi domin ya kula da gonar gidansu, amma ya kasa, saboda hankalinsa yana kan littattafai.

Kawunsa da shugaban makarantar ne suka lallashe ta, ta bari ya koma karatu.

A 1661 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge, inda yake yi wa masu hali hidima domin a sauƙaƙa masa kuɗin makaranta.

A 1665 annoba ta ɓarke a Ingila, aka rufe jami'ar, ya koma ƙauye. A zaman kusan shekara biyu da ya yi a can ne ya aza harsashin lissafin kalkulas, ya fara binciken da ya nuna cewa farin haske haɗakar launuka ne, ya kuma soma tunani kan ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa.

Shi da kansa ya ba da labari bayan ya tsufa cewa faɗowar tuffa daga bishiya ce ta sa shi tambayar ko ƙarfin da ya jawo ta shi ne yake riƙe da wata a kan hanyarsa.

A 1669, yana da shekara 26, ya zama farfesan lissafi a Cambridge.

Dokoki uku

Newton mutum ne mai ɓoye aikinsa saboda gudun jayayya. Ziyarar da masanin taurari Edmond Halley ya kai masa a 1684 ce ta sa ya zauna ya rubuta littafinsa Principia da harshen Latin. An buga shi a 1687, kuma Halley ne ya biya kuɗin bugawa.

Doka ta farko ita ce, abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, mai tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, har sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Shi ya sa idan direban motar haya ya taka birki ba zato a hanyar Gwaram, fasinjoji ke rinjayowa gaba: mota ta tsaya, amma jikinsu bai tsaya ba.

Ta biyu ita ce, saurin da gudun abu ke sauyawa yana ƙaruwa da ƙarfin turin da aka yi masa, yana kuma raguwa da nauyin abin. Shanun da ke fizgar amalanke wayam da sauri, idan aka loda mata buhunan gero, da ƙyar za su tayar da ita.

Ta uku kuwa, duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiya. Mafarauci ya san haka, domin bindiga na dukan kafaɗarsa a lokacin da harsashi ya fita.

Ya kuma nuna cewa kowane abu biyu suna jan juna, kuma idan nisan da ke tsakaninsu ya ninka biyu, ƙarfin jan yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Newton ba shi ya fara wannan tunani ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya bayyana cewa abin da aka jefa ba zai tsaya da kansa ba, sai in wani abu kamar iska ya tare shi. Galileo da Descartes sun ƙara gini a kan batun. Abin da Newton ya yi shi ne haɗa motsin ƙasa da na sama a ƙarƙashin lissafi guda.

Mulki, rigima da sirri

A 1696 ya koma birnin Landan ya kama aiki a gidan buga kuɗi na masarauta, ya zama shugabansa a 1699. Ya farauci masu buga jabun kuɗi ba sassauci, har aka rataye wani mai suna William Chaloner a shekarar.

Ya zama shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society a 1703, sannan Sarauniya Anne ta ba shi sarautar Sir a 1705.

Ba mutum ne mai sauƙin hali ba. Ya yi doguwar gaba da Robert Hooke, ya kuma yi rigima da Bajamushe Gottfried Leibniz kan wanda ya fara gano kalkulas. Masana tarihi sun tabbatar da cewa kowannensu ya gano shi ne da kansa.

Rubuce-rubucen da ya bari sun nuna cewa ya yi zurfi a nazarin addini, kuma bai yarda da aƙidar Triniti ba. Ya ɓoye wannan ra'ayi tsawon rayuwarsa, domin bayyana shi zai iya raba shi da kujerarsa ta jami'a.

Newton bai yi aure ba. Ya rasu a watan Maris na 1727 yana da shekara 84, aka binne shi a majami'ar Westminster.

A 1905 da 1915 Albert Einstein ya nuna cewa dokokin suna da iyaka, musamman idan gudu ya kusanci na haske. Duk da haka, da su injiniyoyi ke lissafin gadoji da jiragen sama, kuma a kansu aka dogara wajen harba tauraron ɗan'adam na farko na Najeriya a 2003.

Ma'aunin ƙarfi da ɗalibai ke rubutawa a jarrabawa, wato newton, sunansa ne yake ɗauke da shi.