Shefa, Bafaranshen Da Ya Mai Da Kukan Jirgin Ƙasa Kiɗa

Duk wanda ya taɓa mallakar garmaho ya san takaicin faifan da ya karce. Allura ta maƙale, mawaƙi ya yi ta maimaita kalma ɗaya har sai an taɓa shi. To, wannan abin haushi shi ne wani Bafaranshe ya ɗauka ya yi sana'a da shi. Sunansa Pierre Schaeffer, amma Shefa ya fi sauƙi ga bakin Bahaushe.

An haife shi a birnin Nansi ran 14 ga watan Agusta, 1910. Ubansa mai gogen Turawa ne, uwarsa kuma mawaƙiya, amma shi aikin injiniya ya koya. Ya fara da aikin waya, sa'an nan a 1936 ya koma gidan rediyo a Faris. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya kafa wani ɗakin gwaje-gwaje na rediyo, wanda daga baya ya zama maɓoyar masu adawa da mamayar Jamus. A watan Agusta na 1944, da sojan 'yanto suka doshi Faris, shi ne ya roƙi limaman coci ta rediyo su kaɗa ƙararrawa, suka kuwa kaɗa.

A 1948 abin ya faro. Shefa yana wasa da ƙarar ƙararrawa da ya ɗauka a faifai, sai ya yanke farkon, wato daidai inda guduma ta bugi ƙarfe. Da ya saurari sauran, ashe kunne ba ya gane ƙararrawa ce, sai ka ce wani abin busa mai kama da algaita. Ya kuma lura in an rufe layin faifai da gangan, guntun sauti ya yi ta zagayawa, ba a daɗewa mai sauraro ya manta da abin da ya yi ƙarar, hankalinsa ya koma kan kaurinta da tsawonta da yadda take mutuwa. Nan ya tsai da shawara cewa kowane sauti zai iya zama kayan kiɗa, muddin an raba shi da asalinsa.

Sai ya kwashi kayan ɗaukar magana ya nufi tashar jirgin ƙasa ta Batinyol a Faris. Ya ɗauki kukan jirgi, da hucin tururi, da karon taragu. Ya dawo ya jera garmaho da yawa, wani ya rage masa gudu, wani ya juya shi ta baya, ya harhaɗa abin da bai wuce minti 3 ba. Ya yi wasu guda 4, har da wanda aka ji murfin tukunya a ciki. Ran 5 ga Oktoba, 1948, rediyon Faransa ya watsa su duka 5. Ya sa wa abin suna musique concrète, wato kiɗan da ake farawa da sautin zahiri. Mawaƙin Turawa a takarda yake fara rubuta kiɗa kafin a ji shi, Shefa kuwa sai ya ji tukuna ya shirya.

Gaskiya ba shi ne farkon taɓa irin wannan ba. Tun 1944 wani Bamisire, Halim El-Dabh, ya ɗauki waƙar matan zar a Alƙahira ya sarrafa ta da na'ura. Sai dai Shefa ne ya mai da abin makaranta.

A 1949 ya sami abokin aiki, Pierre Henry, saurayi da ya karanta kiɗa sosai. Ran 18 ga Maris, 1950, suka tara mutane a wani zaure a Faris don jin aikinsu. Jama'a suka zauna, ba makaɗi, ba mabushi, sai garmaho da lasifika. Daga 1951 suka sami rikoda mai zare, aiki ya yi sauƙi, domin zare ana yanka shi da almakashi a liƙa. Matasan da suka yi suna daga baya, irin su Boulez da Stockhausen, duk sun ratsa ta ɗakin, amma ba su zauna ba. A Kolon ta Jamus an buɗe wani ɗaki inda ba a ɗaukar ƙarar komi, lantarki kaɗai ke haifar da sauti, kuma mutanen can suna ganin aikin Faris kame-kame ne. A 1953 Shefa da Henry suka kai aikinsu wani babban bikin kiɗa a Jamus, aka yi musu ihu.

Daga nan ya ɗan juya wa kiɗa baya. Aka ba shi aikin rediyon ƙasashen da Faransa ke mulka, a 1955 ya kafa kamfanin SORAFOM, da makarantar koya wa 'yan Afirka aikin rediyo kusa da Faris. Bai jitu da manyansa ba, aka sauke shi a 1957. A ƙarƙashin kamfanin nan ne aka buɗe Rediyo Nijar a 1958.

Da ya koma ɗakinsa sai suka ɓata da Henry, kowa ya kama gabansa. A 1958 ya sake wa ƙungiyar tsari da sunan GRM, kuma wajen 1960 ya kusan daina shirya kiɗa, ya duƙufa kan bincike. Burinsa ya samo wa dukan sautuka nahawu, yadda za a rarraba su a koyar da su kamar yadda ake koyar da do re mi. A 1966 ya fitar da wani ƙaton littafi mai shafi kusan 700 a kan haka, daga 1968 kuma ya koyar a babbar makarantar kiɗa ta Faris. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Jean-Michel Jarre, wanda faifansa na 1976 ya sayu miliyoyi.

Abin mamaki, shi kansa bai gamsu ba. Cikin shekarun 1980 ya gaya wa wani mai hira da shi cewa shekara 40 ya yi yana neman hanya a wajen do re mi bai samu ba, yana ganin ya ɓata rayuwarsa. Wannan hukunci ya yi tsanani. Nahawun dai bai karɓu yadda ya so ba, amma a daidai lokacin da yake wannan magana, samari a Amurka suna ta yanko guntayen tsofaffin fayafayi suna sa su zagayawa, suna ɗora waƙa a kai, yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba.

A ƙarshen rayuwarsa ciwon mantuwa ya kama shi. Ya rasu ran 19 ga Agusta, 1995, kusa da Eks a kudancin Faransa, kwana 5 bayan ya cika shekara 85.