Labarin Bakita, Baiwar da Ta Zaɓi Bautar Allah

An haifi Bakita a ƙasar Darfur, cikin Sudan, wajen shekara ta 1869. Tun ta na ƙaramar yarinya masu farautar bayi su ka sace ta. Saboda tsananin firgita har ta manta sunan da iyayenta su ka raɗa mata. Waɗanda su ka kama ta su ne su ka sa mata Bakita, watau mai sa'a da Larabci. Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu. A gidan wani hafsan Turkawa aka tsattsaga jikinta da aska, aka cusa gishiri cikin raunukan, tabo 114.

A 1883 wani wakilin Italiya ya saye ta a Hartum, bayan shekara biyu ya tafi da ita ƙasarsu. Can ta zama mai renon 'yar wani attajiri. A 1888 uwar gidan za ta yi tafiya, sai ta ajiye Bakita da yarinyar a birnin Benis, a gidan Sistoci na ƙungiyar Kanosa. Nan ne ta fara koyon labarin Yesu Kristi, ta gane Mahaliccin da zuciyarta ta daɗe ta na nema ba ta san sunansa ba.

Sa'anda uwar gidan ta komo domin ta ɗauke ta, Bakita ta ƙi fita. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ba ta motsa ba. Magana ta kai gaban mahukunta. Ran 29 ga Nuwamba, 1889, aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, Bakita 'ya ce. Ran 9 ga Janairu, 1890, aka yi mata baftisma, aka kira ta Yusufina.

Ka lura da abin da ya biyo baya, ya mai karatu, gama nan ne koyarwar ta ke. Ta ji a ranta Allah ya na kiranta ta zama Sista, amma ba ta yi gaggawa ba. Ta zauna kusan shekara huɗu ta na addu'a, ta na aiki. Ba ta dogara ga ganin kanta kaɗai ba, ta buɗe zuciyarta ga Fada mai jin ikirarinta, shi kuwa ya tura ta wurin shugabar gidan. Ran 7 ga Disamba, 1893, ta shiga shekarun gwaji. Sai da shekara uku ta cika, ran 8 ga Disamba, 1896, ta ɗauki wa'adi uku a birnin Berona: talauci, da zaman tsarki ba aure, da biyayya. Ikilisiya ba ta karɓar wa'adin tilas. Wadda aka sayar ba da sonta ba, yanzu ta ba da kanta da yardar ranta.

A 1902 aka aike ta garin Sikiyo. Ta yi dafuwa, ta yi ɗinki, ta gyara kayan masujada, ta tsare ƙofa. Ba ta raina ko ɗaya ba. Ta gafarta wa waɗanda su ka sace ta, ta kan yi musu addu'a. Ta rasu ran 8 ga Fabrairu, 1947. A shekara ta 2000 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin tsarkaka.

Ke 'yar'uwa da ki ke jin irin wannan kira, kada ki ɓoye shi, kada kuwa ki yi garaje. Ki yi addu'a, ki nemi shawarar Fada da Sistoci, ki bincika ko gudun wahalar gida ne ke korarki, ko ƙaunar Kristi ce ke jawo ki. Aure ma kira ne mai tsarki. Ku kuma iyaye, kada ku tilasta wa 'yarku shiga, kada ku tsare mata hanya saboda kwaɗayin sadaki. Kiran da ya ke daga Allah ba ya tsoron jira.